Tafiyar bishara zuwa Nijar: amsa ga ɗiyata mai shirin tafiya

Wata yarinyarmu ma'aikaciyar jinya a nan Sakkwato ta rubuto mini cewa: "Mama, ikilisiyarmu za ta tura mu, mu tara, zuwa wata ƙaramar ikilisiya a Nijar na mako uku, mu taimaka da aikin magani da koyar da yara. Ban taɓa fita ƙasar waje ba. Yaya rayuwa take a irin wannan tafiya, kuma me kika koya da kike so in sani tun kafin in tashi?"

Ɗiyata, na gode da kika tambaya tun kafin ki ɗaure kaya. Da yawa sai sun dawo suke zuwa wurina, lokacin da ɓarnar ta riga ta auku. Ni ungozoma ce, na yi ritaya, kuma na bi irin wannan ayari sau da dama, wani lokaci ina 'yar rakiya, wani lokaci ni ke riƙe da jakar kuɗi da akwatin magani. Abin da zan gaya miki daga nan ya fito.

Ki fara cire wani tunani daga ranki, wato cewa za ku kai haske inda babu. Mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ya shiga Nijar tun 1924, a Damagaram. Asibitin Galmi, wanda mutanenmu na Illela da Gwadabawa suka daɗe suna tsallakawa neman magani a cikinsa, an buɗe shi a 1950, shekara huɗu kafin a kafa ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, a 1954. A Danja kusa da Maraɗi akwai asibitin kutare irin namu na Amanawa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala fassararsa a 1932, su ma shi kakanninsu suka karanta. Masu bi a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, amma waɗanda za ki tarar sun riƙe bangaskiyarsu shekara da shekaru a garuruwan da gida biyu ko uku ne kawai na Kirista. Faston da zai tarbe ku ya san kowace rijiya da kowane mai unguwa, ya san gidan da ake shiga da gidan da ake tsayawa a zaure. Ku kuwa mako uku za ku yi. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. In kin riƙe wannan, rabin kurakuran da na yi ba za ki yi su ba.

Hanyar kanta ba ta da nisa. Daga Sakkwato ki bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, bai kai kilomita 100 ba, kina tsallakawa kin shiga Birnin Ƙonni. Kusancin nan shi ke yaudarar mutum. Za ki ji Hausa irin tamu, "lahiya lau", "mi kike so", har ki ce ai gida ne. To wata ƙasa ce, da dokarta da jandarmominta. Ki riƙe fasfo, da katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, da takardar gayyata daga ikilisiyar da za ta karɓe ku, a rubuce da Faransanci, da hatimi a kai. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 al'amarin iyaka ya sha canzawa: an rufe ta wata da watanni, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Don haka shugaban ayarinku ya kira masu masauki ana saura mako ɗaya, su tabbatar masa da abin da ake nema a lokacin. Kada a yi tafiyar dare, ko ta wannan gefe ko ta wancan. Inda masu masauki suka ce kada a je, ba a zuwa, ko da wani cikinku ya ce Ruhu ya nuna masa. A 2016 an sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, mutumin da ya yi shekaru a yankin, sai a 2023 ya samu kansa.

Kuɗi zai ba ki kunya tun ranar farko, gara ki sha dariyar a nan. Su da sefa suke ciniki, amma ba sa ƙirga ta ɗaya-ɗaya, da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Zuwana na farko na tsaya wurin mai ƙosai a tashar Ƙonni, na tambayi kuɗi, ta ce ashirin. Na zaro ƙwandalar 25 na miƙa mata, na tsaya ina jiran canji. Ta juya ta a tafin hannunta, ta dube ni, ta ce, "Inna, wagga ai dala biyat ta." Ashirin ɗinta sefa 100 ce. In an ce miki ɗari, 500 ake nufi, jaka kuwa 1,000. Ki ninka duk abin da kika ji sau biyar. Kuma kada ki tafi da tunanin zamanin da, lokacin da mai naira yake shiga kasuwar Ƙonni yana hura hanci. Yanzu jaka guda ta haura naira dubu biyu, kuɗin da kika ɗauka zai yi mako uku yana iya ƙarewa a kwana goma. Kalmomi ma akwai tarko a cikinsu. In mace ta ce miki ta je likita, asibiti take nufi, shi likitan kuwa lokotoro ne. Makaranta lakwal, malamin makaranta mushe. Soket ɗin wutarsu mai rami biyu zagayayyu ne, cajar wayarki mai ƙafa uku ba za ta shiga ba, ki sayi abin haɗawa tun a nan.

Yinin kansa ba shi da wani abin mamaki, kuma wannan ne ke karya zuciyar matasa. Kiran sallar asuba ne zai tashe ki. Ku yi addu'ar safe tare da iyalin fasto, sannan a tafi ɗebo ruwa, domin ruwan wankan mutum tara ba daga sama zai faɗo ba. Ki ɗauki bokiti ki bi matan, kada ki zauna kina kallo 'yar shekara goma tana ɗauko miki. Karin kumallo kunu ne ko shayi da dogon burodin nan nasu. Daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu ake aiki, ko duba marasa lafiya ko karatun yara. Daga nan gari ya mutu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ke 'yar Sakkwato ba sai an gaya miki ba, babu wanda zai zo wurinki kafin la'asar. Da yamma a je gaishe-gaishe, da dare a yi sujada a tsakar gida da fitila mai caji, a kwanta a waje cikin gidan sauro. Kashegari haka, jibi haka. A rana ta biyar wani cikinku zai fara cewa ana ɓata lokaci, me ya sa ba za a fita da lasifika ba. Shi ne wanda za ki sa wa ido.

Gaisuwar nan da yake gani ɓata lokaci ce, ita ce rabin aikin. Kafin ku buɗe akwatin magani, fasto zai kai ku wurin mai gari, wataƙila da limami, da ma'aikacin ƙaramin asibitin gwamnati in akwai. Ku tuɓe takalma, ku zauna ƙasa, ku bar fasto ya yi magana. Ke kuma zani da mayafi, har lokacin da kike aiki. Wandon aikin asibiti da kike sawa a nan, ki ɗora zani a kansa. Za a kawo fura a ƙwarya, ki sha. Ubangiji da ya aiki almajirai saba'in a Luka 10 ya ce musu su ci abin da aka sa a gabansu, kada kuma su riƙa sauya masauki daga gida zuwa gida. Na daɗe ina karanta wurin nan kamar maganar tawali'u kawai, sai da na ga fuskar wata tsohuwa ranar da wata 'yar ayarinmu ta ture ƙwaryarta ta zaro ruwan gora daga jaka. Ruwan shanki na yau da kullum ki tafasa ko ki tace a masauki, wannan hankali ne. Amma abin da aka miƙo miki a gidan mutane, ko kurɓa ɗaya ce ki yi.

Yanzu ga abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Wata shekara mu sha biyu muka sauka a gidan wani mai bishara a wani ƙauye. Kwana goma sha huɗu matarsa tana ciyar da mu. Tuwon gero da miyar kuka, wata rana shinkafa da wake, ranar Lahadi har da nama. Kullum muna cewa an gode, Ubangiji ya sa albarka, tana murmushi tana cewa ba komai. Da za mu tafi muka bar musu tsofaffin tufafi da littattafan waƙoƙi, muka dawo muka ba da rahoto a majami'a, aka tafa mana. Shekara ta zagayo na koma. Na lura garken awakinta da ke bayan ɗaki babu komai sai turke. Na tambaya, ta kau da maganar. Wata maƙwabciyarta, Musulma, ita ta gaya mini a bakin rijiya: naman da muka ci ranar Lahadi akuyarta ce, sauran biyun kuma ta sayar ta sayi shinkafa da mai, geron da muka cinye kuwa shi ne wanda zai kai su damina. Bayan tafiyarmu sai da suka ci bashin hatsi. Mu da muka je taimako, mun bar gida cikin yunwa, kuma babu wanda ya buɗe baki ya faɗa mana, domin ɗan Hausa ba ya gaya wa baƙo cewa ya yi masa nauyi.

Tun daga nan, ayarin da nake ciki ba ya tashi sai an aika kuɗin abinci tukuna, ta hannun dattawan ikilisiyar can, a asirce, da lissafin kowane baki da kowace rana, har da itacen girki da ruwa. Hatsi a kasuwarsu ake saye, kada ku ɗauko buhuna daga nan ku jawo wa kanku magana a iyaka. Ku mata biyu ku shiga madafa kullum. Ki tambayi shugabanku wannan magana tun yanzu. In ya ce ai 'yan'uwa za su kula da mu, ki ba shi labarin akuyar nan.

Batun magani kuwa, nan ne fanninki, nan ne kuma za ki fi iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Lasisinki na Najeriya bai ba ki ikon buɗe asibiti a ƙasar wasu ba, ku yi aiki a ƙarƙashin ma'aikacin lafiya na wurin, da saninsa da izininsa. Kada a ɗauko maganin da ya kusa lalacewa don wani ya ba da shi kyauta. Sannan ki bambanta ciwon da mako uku zai iya yi wa wani abu da wanda ba zai iya ba. Zazzaɓin cizon sauro, in kin gwada kin tabbatar, maganin kwana uku ne, ya ƙare a gabanki. Gyambo za ki iya wanke shi kullum har ya kama hanya. Gudawar yara, ki koya wa uwa haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki sa ta haɗa da hannunta a gabanki, da cokalin gidanta da kwanon gidanta, wannan zai zauna bayan kin tafi. Yaron da kika auna damtsensa ya gaza santimita 11.5 yana cikin tamowa mai tsanani, wurin da ake ba da abincin tamowa za a kai shi a ranar, biskit ɗin jakarki ba zai yi masa komai ba. Mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, kanta na ciwo, jininta ya hau, kada ki riƙe ta, a nemi mota.

Hawan jini da ciwon sukari su ne tarkon. Na taɓa auna wani dattijo na samu 190 bisa 110, na ba shi ƙwayoyin kwana goma sha huɗu, na ji daɗi a raina. Ya shanye, ya ɗauka ya warke, domin ban zauna na fahimtar da shi cewa wannan magani ne na har abada ba, ban kuma tambaya ko akwai inda zai samu wani a kusa ba. Babu. Da na dawo na tarar da shi a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba zan ce ƙwayoyina ne suka jawo ba, amma takardar da ban rubuta masa zuwa asibiti ba, da bayanin da ban yi wa ɗansa ba, su ne aikin da ya kamata in yi. Ki tafi da littafin rubutu, duk wanda kika gani mai irin wannan ciwo ki rubuta, ki damƙa wa ma'aikacin wurin kafin ki tafi.

Wani abu kuma da ba na sassautawa a kansa: ba a sayar da magani da wa'azi. Kada a tara marasa lafiya a ce sai sun saurari huɗuba kafin a duba su. Wanda ya zo da ciwo a duba shi, ko wane ne. In kina so ki yi wa mace addu'a, ki tambaye ta, in ta ce a'a ki ci gaba da ɗaure mata ciwonta da fara'ar da kika fara da ita. In an tambaye ki dalilin zuwanki, ki faɗi gaskiya, ke mai bin Almasihu ce, ki ba da shaidarki a taƙaice ba tare da kin taɓa addinin kowa ba. Ke da kika girma a Sakkwato kin san yadda ake zama da maƙwabta Musulmi, kin san abin da kalma ɗaya ke iya haifarwa. Can ma haka ne, sai dai ke za ki hau mota ki dawo, fasto da 'ya'yansa su ne za su kwana a garin. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, a kan zanen da wata jarida ta buga a Faransa, abin da masu bi na Nijar ba su da hannu a ciki ko kaɗan. Mutanen da suka ga wannan ba sa bukatar baƙo ya koya musu ƙarfin hali.

Wayarki ma ki kama ta. Kada ki ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada ki ɗauki yaro mai tamowa ki sa a Facebook don a ce kina aikin Allah. Wanda ya zo wurin fasto da dare yana tambaya game da bangaskiya, sunansa da fuskarsa da sunan garinsa ba sa fita daga bakinki, ko a rahoton majami'a, ko a zumuntar mata. Ƙonni da Illela kasuwa ɗaya suke ci, magana ba ta kwana a hanya.

Yara za su manne miki, za ki so su, ranar tafiya za ku yi kuka. Kada ki yi alkawarin da ba ki da ikon cikawa. "Zan biya maka lakwal", "zan kawo ki Najeriya ki yi karatu", a bakinki magana ce ta tausayi, a kunnensu alkawari ne, za su jira shekara biyar. In kina son taimakon wani yaro, ki dawo gida, ki yi lissafi, ki bi ta hannun ikilisiyarsu. Kyauta ma haka. In kin ba mutum ɗaya a gaban jama'a kin haɗa shi da sauran.

Za ki tambaye ni, to in haka ne me mako uku zai haifar? A hanyar Maraɗi, in kin samu zuwa, ki dubi gonaki, za ki ga itatuwan gawo da kalgo tsaye a tsakiyar gero. Wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, aski kawai suke so a bar su su tashi. Da farko dariya aka yi masa. Manoman da suka gwada su ne suka yaɗa abin daga gona zuwa gona, har ya kai kimanin hekta miliyan 5. Shekara goma sha bakwai ya yi a ƙasar. Ku kuma da kwana ashirin da ɗaya, abin da za ku iya shi ne ku ƙarfafa hannun wanda ke zaune a can: matarsa ta samu wadda za ta yi hira da ita da dare, malamin makarantar Lahadi ya ga wata dabarar koyar da yara, ikilisiyar mutum goma sha biyar ta ji cewa wasu a ƙetaren iyaka sun san da zamanta. EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, wadda ta riga ECWA ɗin kafuwa, tun 1948 take aika mutane, kuma waɗanda suka bar alama su ne waɗanda suka zauna suka yi noma suka binne 'yan'uwansu a wurin.

Cikin ayarinku ma za a yi faɗa, ki sa ran haka. Zafi da gajiya da ɗaki ɗaya suna fito da halin kowa. Yawanci a kan kuɗi ne ko a kan wanda ba ya wanke kwano. A sa mutum biyu su riƙe lissafi, a karanta shi kowane dare bayan addu'a, kuma kada a yi gardama a gaban masu masauki. Ke kanki ki kwana cikin gidan sauro, ki sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama ki, in tafiyar ta faɗa cikin rani ki tabbatar kin yi rigakafin sanƙarau. Ma'aikaciyar jinya da ta kwanta ciwo ta zama kaya a kan matar fasto.

In kun dawo za a ba ku minti goma a sujada. Bulus da Barnaba ma da suka koma Antakiya sun tara ikilisiya sun ba da labari. Kada ku tsaya kuna ƙirga mutum nawa suka ɗaga hannu. Ku faɗi abin da ikilisiyar can take bukata, rufin majami'a ne ko kuɗin makarantar 'ya'yan mai bishara, ku kuma sa a rubuta wanda zai riƙa kiransu a waya kowane wata, domin abin da suka fi kuka da shi a wurina shi ne baƙi suna tafiya sai shiru.

Ki biyo ta gida kafin ranar tafiya. Ina da abin auna jini da ba ya bukatar batir, da tef ɗin auna damtse, zan ba ki aro. Akwai kuma turmin atamfa da nake so ki kai wa matar faston, ki ba ta a ɗaki, ba a gaban mutane ba.